Kifin kududdufi daga ina yake zuwa, tunda da rani ƙaf wurin yake bushewa?

Ummu_Khalifa:

Assalamu alaikum 'yan uwa, dan Allah taimako nake nema, musamman wurin masu ilimin kimiyya da kuma waɗanda suka tashi a bakin ruwa. Ni malamar firamare ce, aji huɗu nake koyarwa a wani ƙauye nan yankin Ringim, wannan zangon muna kan darasin ruwa da halittun da ke rayuwa a cikinsa. To shekaranjiya ina cikin bayanin yadda ruwan sama yake samuwa sai wani yaro ya ɗaga hannu ya ce Malama ai har kifi ma daga sama yake faɗowa tare da ruwa, kafin in buɗe baki ajin gaba ɗaya ya ɗauka eh wallahi haka ne, wannan ya ce kakansa ne ya gaya masa, waccan ta ce yayanta ya taɓa tsintar tarwaɗa a ƙofar gida bayan an ɗauke ruwa. Na ce musu a'a, kifi ba ya zuwa daga sama. Sai wata yarinya wadda ma ba ta cika magana a aji ba ta ce, to Malama kududdufin bayan makaranta fa?

Nan fa na yi shiru, don tambayarta tana kan hanya. Kududdufin nan rami ne da aka daɗe ana ɗibar ƙasar gini a ciki, ba kogi kusa da shi, tun wajen ƙarshen Janairu yake ƙafewa, yanzu haka da nake rubutun nan ƙasar ta daddare ta yi tsaga-tsaga har yara ƙwallo suke bugawa a ciki, awaki na ratsawa, masu bulo suna aikinsu a gefe. Amma da damina ta kankama wajen watan Agusta sai ka ga yara da fatsa suna ciro kifi, ga kwaɗi da daddare ba sa barin kowa barci, ga talibamban baƙi ƙirin a bakin ruwan. Kuma ba wanda ya zuba kifi a ciki, na tambaya.

Na ce musu su ba ni zuwa Litinin. Gaskiya ba na so in rufe musu baki da cewa haka littafi ya ce, yaran nan sun ga abu da idonsu kuma sun yi tunani a kai, in na danne su yau gobe ba za su sake tambaya ba. Littafin da muke aiki da shi kuwa hoton kifi da kwaɗo kawai ya zana ya wuce. Don Allah wanda ya sani ya warware min, kuma in da wani ɗan gwaji da zan iya yi musu a aji ba tare da kashe kuɗi ba a faɗa min. Na gode.

Ɗan_Masunta:

Wa alaikumus salam Malama, Allah ya saka da alheri da irin wannan kula da kike yi da yaran mutane. Ni ba wani boko mai zurfi na yi ba amma a gidan su na tashi, mahaifina masunci ne a yankin Haɗeja, to abin da na gani da idona shi zan faɗa miki.

Na farko dai gaiwa. Ita gaiwa ba ta zuwa daga ko'ina, tana nan a ƙarƙashin ƙafafun yaran da kika ce suna buga ƙwallo. In kin santa doguwa ce mai santsi, a maimakon fiffike irin na sauran kifaye wasu siraran abubuwa huɗu gare ta kamar igiya, kuma huhu ne da ita, ko tana cikin ruwa sai ta riƙa leƙowa sama tana shaƙar iska, shi ya sa in ta maƙale a raga a ƙarƙashin ruwa ta daɗe ba ta leƙo ba sai ka tarar ta mutu, kifi ne amma ruwa yana cinye ta. To idan ta ji ruwa ya fara ja da baya sai ta nutsa cikin laka tun tana da taushi, ta haƙa rami wanda zurfinsa yawanci bai kai kamu ɗaya ba, ta naɗe jikinta ta ɗora jela a kan fuska, baki yana kallon sama. Yauƙin da ke jikinta shi yake bushewa ya zama kamar wata 'yar jaka ruwan ƙasa ya lulluɓe ta, sai ɗan ƙaramin huji da ya rage wanda iska ke shiga. Haka za ta zauna ba ci ba sha har rani ya wuce, wata shida wata bakwai, in damina ta ƙi ma tana iya zarce shekara. Tsofaffinmu suna cewa gaiwa jikinta take ci, kuma gaskiya ne don in ka tono ta ƙarshen rani za ka ga ta rame.

Ina yaro muna bin baba da dagi a busasshiyar fadama wajen watan Maris ko Afirilu, ya riƙa tafiya a hankali yana duban ƙasa, da ya ga ɗan huji zagayayye sai ya durƙusa ya ƙwanƙwasa, wani lokacin har wani ɗan gurnani za ka ji daga ciki. Ya haƙa kewaye ya ciro curin ƙasar gaba ɗaya, a kai gida a ajiye a inuwa, ranar da ake son miya sai a fasa. Na taɓa ganin an jefa curin a baho an zuba ruwa, ba a daɗe ba ƙasar ta saki sai ga ta ta miƙe tana iyo kamar ba ita ce ta yi wata da watanni a bushe ba. Wallahi har yau in na tuna sai tsigar jikina ta tashi.

Na biyu tarwaɗa, ita kuma tafiya take. Tana da wani abu a cikin kanta mai kama da soso da take shaƙar iska da shi, shi ya sa za ki ga an kawo ta kasuwa tun safe a daro da ɗan ruwa kaɗan har la'asar tana motsi alhali karfasa tuni ta mutu. Daren da aka yi ruwa mai ƙarfi ƙasa ta jiƙe ko'ina na gudu, sai ta fito ta riƙa jan ciki tana dogarawa da ƙayoyin nan biyu na gefen wuyanta, ta bi ciyawa ta bi kwata ta bi hanyar shanu har ta faɗa wani ramin. Wanda ya tsince ta a ƙofar gida da safe ba ƙarya ya yi ba, ya tsince ta ɗin, amma ta ƙasa ta zo.

Na uku kuma ki lura Malama, kin ce ba kogi kusa, to da rani ne ba kogi kusa. Ranar da aka kwana ana ruwa, wannan rami yana tumbatsa ya zuba a wancan, wancan ya zuba a kwari, kwarin ya haɗe da fadama, na awa biyu ko uku kawai duk sun zama ruwa ɗaya, kuma kifi da farkon damina gaba yake yi da ruwa yana hawa sama neman inda zai yi ƙwai. 'Ya'yan kifi da ba su kai farce ba suna bi ta cikin ruwan da bai rufe idon sawu ba. Gari na wayewa hanyar ta yanke, su kuma sun riga sun shiga. Yankinku na Ringim ai kogin Haɗeja ta nan ya ratsa, ba za a rasa hanyar da ruwa yake bi ba.

Abban_Sadiq:

Duk na ji bayanin Ɗan_Masunta kuma na yarda da maganar gaiwa don mu ma muna tono ta, amma fa kar a yi saurin ƙaryata yaran nan. Ni kaina ina saurayi an taɓa yin wani ruwa da iska mai ƙarfi a garinmu, da aka ɗauke muka fito muka tarar da ƙananan kifaye warwatse a fili kusa da masallacin idi, ba tarwaɗa ba ce, irin fararen nan ne ƙanana, kuma wurin tudu ne. Mutane da yawa sun gani ba ni kaɗai ba. To waɗannan su ma jan ciki suka yi? Kuma tunda ana cewa hadari daga teku yake ɗebo ruwa me zai hana ya ɗebo har da kifin ko ƙwansa? Tambaya nake ba gardama ba.

Malam_Kimiyya:

Abban Sadiq tambayarka mai kyau ce kuma ban ƙaryata abin da ka gani ba, bari in zo kanta. Malama sannu da ƙoƙari, ni ma ɗan uwanki ne a sana'a, sakandare nake koyarwa.

Inda maganar take rikicewa shi ne kalmar ɗebowa. Mutane suna ɗauka hadari yana zuwa teku ne ya kamfaci ruwa kamar yadda ake kamfata da guga, to ba haka ba ne. Zafin rana ne yake mayar da ruwa tururi, irin tururin da ido ba ya gani, kamar dai yadda wanki yake bushewa a kan igiya ba ka ga fitar ruwan ba amma ya fita. Kuma idan ruwa zai tashi shi kaɗai yake tashi, duk abin da ke cikinsa a ƙasa yake barinsa. Babbar shaida ita ce gishiri, ruwan teku gishiri ne da shi sosai ba ya shayuwa, amma ruwan saman da ya samo asali daga can garɗi gare shi. To abin da ya kasa ɗaukar gishirin da ya narke a cikinsa ta yaya zai ɗauki ƙwan kifi balle kifi? Tururin nan yana hawa sama inda ake sanyi sai ya koma 'yan mitsi-mitsin ɗigo, taronsu shi ne gajimare, in suka haɗu suka yi nauyi su zubo. Mu nan ƙasar Hausa yawancin damshin iska ce take kawo mana shi daga Tekun Atlantika ta kudu maso yamma, shi ya sa Legas da Fatakwal suke riga mu samun ruwa kuma su fi mu daɗewa ana yi, in kuma iskar ta juya ta koma busowa daga Sahara sai hunturu. Ruwan da ya zubo wani ya gudu kogi, wani ya nutse ƙasa shi ne muke tararwa a rijiya da burtsatse, wani itatuwa su zuƙa ta saiwa su fitar ta ganye, wani rana ta sake ɗauka. Kududdufinku ma ta hanyoyin nan yake ƙarewa, sama ta sha ƙasa ta sha, dabbobi da masu bulo su ƙarasa.

Gwaji biyu da ba sa cin ko sisi. Ki dama gishiri da yawa a ruwa ki ba yara su ɗanɗana, ki tafasa a tukunya da murfi, sai ki ɗaga murfin ki bari ya huce su lashi ɗigon da ya taru a jikinsa, za su ji ba gishiri. Na biyu ki samu farar leda ki ɗaure ta a reshen darbejiya mai ganye da safe, kafin a tashi makaranta za ku tarar ruwa ya taru a gindin ledar, nan za su gane itace ma yana mayar da ruwa sama. In kina so ki ƙara musu da lissafi ki jera marafen kwalba 100 ki ce wannan duk ruwan duniya ne, ki ware 97 ki ce na gishiri ne, wajen 2 ƙanƙara ce a daskare, ɗan abin da ya rage shi ne namu kuma mafi yawansa ma a ƙarƙashin ƙasa yake.

Yanzu Abban Sadiq. Abin da ka gani yana faruwa amma da wuya, kuma ba daga gajimare kifin ya samu ba. Guguwa mai ƙarfi in ta bi ta kan tafki ko fadama mara zurfi tana iya zuƙar ruwan da ƙananan kifaye ta yi gaba da su ta watsar, kamar yadda take yaye kwanon rufi ta kai wata unguwa, an ga irin haka a wasu ƙasashe har da Ostireliya. Kai da kanka ka ce ruwan da iska mai ƙarfi aka yi. Ko kuma ruwan da ya malala da dare ne ya baro su da ya janye. Ko wanne ne, kifin a ƙasa aka ƙyanƙyashe shi.

Akwai hanya ta huɗu da zan ƙara a kan na Ɗan_Masunta wadda ita ta fi burge ni. Akwai wasu ƙananan kifaye da tsawonsu bai wuce yatsa ba, rayuwarsu gaba ɗaya damina ɗaya ce. Kafin ruwa ya ƙafe sai su binne ƙwansu a laka, iyayen duk su mutu, ƙwan ya zauna cikin busasshiyar ƙasa ɗan da ke ciki ya dakatar da girma cak, sai ruwan shekara mai zuwa ya sauka ya ƙyanƙyashe, cikin 'yan makonni ya girma shi ma ya yi nasa ƙwan. Ɗaya daga cikin irinsu ma sunan da masana suka sa masa tun 1928 shi ne kiyawensis, saboda a kogin Kiyawa aka fara samo shi, kin ga maƙwabcinku ne. Sannan tsuntsaye ma ana zarginsu, a 2020 wasu masu bincike a ƙasar Hungary sun ciyar da agwagin daji ƙwan kifi wajen 8,000, 18 suka fito ta kashi ba su fashe ba, 3 suka ƙyanƙyashe. Kaɗan ne ƙwarai amma ki tuna yawan tsuntsayen da ke sauka a bakin ruwa.

Gwajin da nake so ki fi ba muhimmanci shi ne wannan, ki je tsakiyar kududdufin inda ruwa ya fi daɗewa kafin ya ƙafe, ki kankaro ɓawon ƙasar saman kamar cikin hannu biyu, ki zuba a farar roba ko kwalba mai faɗin baki, ki cika da ruwan rijiya ki ajiye inda haske yake amma ba cikin tsakiyar rana ba. Ba na miki alkawarin kifi, amma ku riƙa dubawa kullum.

Bamaraɗe:

Salamu alaikum, daga Maraɗi ni ke. Malama mu ma hakanan mun ka tashi muna ji, wai kihi da kwaɗi daga bisa su ke zuwa, har lakwal, wato makaranta, malaminmu ya sha hwama da mu kan wagga magana. Kwaɗi dai su ma kamar gaiwa su ke, wasu na shiga cikin ƙasa mai damshi su lahe, wasu cikin tsagar rijiya ko ƙarƙashin randa, duk mai randa ya san haka, ko tsakiyar rani ka ɗaga ta sai ka ishe kwaɗo kwance wurin sanyi. Ruwan hwari na sauka su hito su tahi tabki, kukan nan da ba ya bari a yi kwana mazan ne ke kiran mata. Da sahe in kin duba bakin ruwa za ki ga ƙwai, wani kamar dogon zare mai yauƙi da ɗigo-ɗigo baƙi, wani a dunƙule, kwana kaɗan sai talibamban. Ki sa ɗiyan su kamo kaɗan cikin roba da ruwan tabkin da 'yar gansakuka, su ga ƙahwahun baya sun hito, sannan na gaba, wutsiya na raguwa har ta ɓace. Kihihiya ma na binne kanta cikin laka.

Abin da ni ke so ki nuna musu shi ne kowa cikin tabkin nan da abin da shi ke ci da mai cin shi. Gansakuka da bado da kainuwa su rana da ruwa sun ishe su, ba su cin kowa. Talibamban da ƙananan ƙwari na cin gansakuka, kihi na cin su da tsutsar sauro, zalɓe da balbela da guza na cin kihi da kwaɗi, abin da ya mutu kuma ya ruɓe ya koma laka ya zama takin bado na baɗi. Tabkin Madarunfa nan kusa da mu in ka zauna bakinshi da marece duk za ka ga wannan da idonka.

Sai shamuwa, da mutane ke cewa ita ka kawo ruwa. Ba ita ka kawo shi ba, biyo shi ta ke, da rani can kudanci da gabashin Afirka ta ke tahiya, in damina ta matso ta dawo ta yi sheƙa bisa itacen cikin gari don lokacin ne hwara da kwaɗi ke yawa ta samu abin ba ɗiyanta. Wannan ma amsa ce ga yaran, wani ya jira cikin ƙasa, wani ya zo da ƙahwa, wani da hwuhwuke.

Anti_Nas:

Malama ni ta ɓangaren lafiya zan shigo don a asibitin karkara nake aiki, kuma da na ji an ce yara su kamo talibamban gabana ya ɗan faɗi. A yi darasin amma don Allah kar yaran su shiga ruwan, babba ya ɗebo musu da guga ko ludayi mai dogon hannu. Irin waɗannan kududdufai su ne gidan tsargiya. Yaron da ke da ita in ya yi fitsari a ruwa ƙwan tsutsar yana fita ya ƙyanƙyashe, ya shiga jikin wasu ƙananan dodon koɗi da ke maƙale a ciyawar bakin ruwa, a can yake yawaita sannan ya fito ya huda fatar duk wanda ya shiga wanka ko su, ba sai an sha ba. Bayan wani lokaci sai ka ga yaro yana fitsarin jini, kuma abin da yake ƙona min rai har yanzu akwai iyayen da ke ɗauka alamar balaga ce ga ɗa namiji, suna kallo har ta taɓa masa mafitsara. Tana da magani, praziquantel, ana ma raba shi a makarantu. Dodon koɗin nan su ma suna iya laɓewa a laka su tsallake rani, kin ga ba gaiwa kaɗai ta iya dabarar ba.

In kina son misalin da zai nuna musu amfanin sanin waɗannan abubuwa ki ba su labarin kurkunu. Su ba su san shi ba amma kakanninsu sun sani, su tambaya a gida za a nuna musu tabo a ƙafa. Shi ma ta wani ɗan mitsitsin ƙwaron ruwa yake shiga cikin mutum in ya sha ruwan tafki ba a tace ba. A ƙididdigar 1988 an samu mutum sama da 650,000 da shi a Najeriya, da aka gane hanyarsa aka dage da tace ruwa da ƙyalle da hana mai ciwon sa ƙafa a tafki da haƙa burtsatse, zuwa 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar babu shi a Najeriya da Nijar. Ba allurar rigakafi ba ƙwaya, sanin yadda halittar take rayuwa ne kawai.

Kuma robar gwajin da Malam ya ce, a rufe bakinta da ƙyalle ko guntun gidan sauro a ɗaure, in ba haka ba sauro zai yi ƙwai a ciki, cikin kwana 7 zuwa 10 kin yi kiwon sauro a aji.

Ɗan_Masunta:

Maganar Bamaraɗe ta kowa da mai cinsa ta tuna min da abin da ya same mu, bari in ɗan ƙara ko da ya fita daga tambayar. Da can fadamar Haɗeja zuwa Nguru ruwa yana zuwa da damina ya malale ko'ina, kifi ya bi ya yi ƙwai a cikin ciyawa, da rani ya janye a shuka a jiƙar da ya bari, makiyaya su zo su yi kiwo, masunta su kama abin da ya taru a ramuka, kowa da lokacinsa. Da aka gina dam ɗin Tiga a 1974 sannan na Challawa a 1992 sai tafiyar ruwan ta canza, ambaliyar damina ta ragu a wurare da yawa, wasu wuraren kuma ruwa ya daina janyewa sam duk shekara yana kwance. To ashe bushewar nan da muke gani kamar asara ita take hana doguwar ciyawar ruwan nan kachalla yaɗuwa, da ta samu ruwa na dindindin sai ta cinye hanyoyin ruwa da gonaki, kwalekwale ba ya wucewa raga ba ta shiga, tsuntsun jan baki kuma ya samu wurin kwana da sheƙa a cikinta yana fitowa dubbai yana cinye wa mutane shinkafa da gero. Baba har ya rasu yana maganar wuraren da ya yi su yana saurayi waɗanda yanzu ko ruwan ba ka hangowa sai kachalla ta fi tsayin mutum. Ba cewa nake dam bai da amfani ba, Kano na shan ruwansa ana noman rani da shi a Kadawa, amma mu da ke ƙasa mun ɗanɗana kuɗarmu.

Ummu_Khalifa:

Jama'a na dawo, Allah ya saka muku da alheri ya ƙara ilimi, wallahi kun fitar da ni. Ranar Litinin mun yi na gishiri da na ledar darbejiya, yaron da ya fara cewa kifi daga sama yake shi na ba murfin ya lasa, ya lasa ya sake lasa ya ce Malama babu, na ce to ina gishirin, ya leƙa tukunya ya ce yana ciki. Ban ƙara komai ba na bar shi da tunaninsa.

Ƙasar kududdufi kuma robobi biyu na yi, don na san za a samu mai cewa daga ruwan rijiyar abin ya fito, ɗaya ƙasa da ruwa, ɗaya ruwa zalla, duk na rufe da guntun gidan sauro kamar yadda Anti ta ce. Kwana biyu ba komai sai ruwa ya kwanta ya yi garau har yara sun fara cewa ba abin da zai fito. Ranar Alhamis da safe yarinyar nan ce ta riga kowa zuwa, na shigo na tarar da ita ta kafa ido a jikin robar, ta ce Malama zo ki gani suna motsi. Wasu 'yan ƙanana ne ba su kai ƙwayar gero ba suna tafiya da tsalle-tsalle, sai ka sa robar saitin taga sannan kake ganinsu sosai, zuwa yau sun ƙaru har da wasu masu ɗan tsawo da suke iyo a rigingine, gefen robar kuma ya fara yin kore. Ɗaya robar kuwa ba komai. Har malaman wasu azuzuwan sun zo kallo.

Na kuma yi magana da dattijon da ke buga bulo a wurin, da na ambaci gaiwa sai ya yi dariya ya ce sau nawa yana sara ta da fartanya, ya ce in shugaban makaranta ya yarda zai nemo mana rami ɗaya ya tono a gaban yaran mako mai zuwa. Ɗan_Masunta in an ciro ta yaya za mu yi da ita?

Ɗan_Masunta:

Madalla Malama. Ki ce masa ya haƙa da ɗan nisa ya ciro ta da curin ƙasarta kar ya fasa, a sa a babban baho a zuba ruwa a hankali ya rufe curin, ruwan kar ya yi zurfi sosai don ta samu leƙowa. Yara su tsaya baya kaɗan kuma kar wanda ya kai yatsa kusa da bakinta, cizonta ba wasa ba ne tana fasa dodon koɗi da haƙoran nan. In ta riga ta farka ba za ta koma busasshiyar ƙasa ba, sai dai ku ci gaba da riƙonta a bahon da murfi mai huji da dutse a kai don tana fita, ana canza ruwa ana jefa mata tana ko guntun kifi, har kududdufin ya kawo ku mayar da ita.